Shekarar da Aka Yanke Mu a Burtali

Bana ruwa ya yi mana irin wasan nan nasa. Ya sauko har ƙasa ta jiƙu, kowa ya ɗauki fartanya, ni ma na tona 'yan ramuka a bayan gidan ɗana a Takur na zuba masara da kuɓewa, sai sama ta washe kamar an share ta da tsintsiya. Yau da safe na leƙa na tarar masarar ta naɗe ganye. Ko ta mutu ba abin da zan rasa, abinci yana nan a ɗaki, amma sai da gabana ya faɗi. A rediyo kuma ana ta maganar wai za a sake duba iyakokin mazaɓu saboda jama'a ta ƙaru. Abubuwan nan biyu da suka haɗu a rana ɗaya, su suka mayar da ni Tudun Marke.

Ni 'yar Fadamar Marke ce, aure ya kai ni Tudun Marke. Ba abin da ya raba garuruwan biyu sai burtali, hanyar da Fulani ke bi da shanu. In zakara ya yi cara a can, a nan ake tashi. Filin Idinmu ɗaya, maƙabarta ɗaya, kuma rabin matan Tudu 'yan Fadama ne, haka rabin matan Fadama 'yan Tudu. Tudu jigawa ce, jan yashi mai shanye ruwa nan take, sai gero da wake. Fadama ƙasa ce mai nauyi, tana riƙe danshi. Su suna ce mana masu kaushin laka, mu muna ce musu masu yashi a tuwo.

Surukina shi ne mai unguwar Tudu, kowa Baba Mai Unguwa yake ce masa. Dogon tsoho ne mai ciwon gwiwa, mai gaskiya, mai taurin kai wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Mahaifina kuwa, Baffa, mutum ne mai barkwanci, rediyonsa kullum a kafaɗa. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi ci-rani suna samari. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sukan yi musayar iri: Baffa ya aiko da zangarniyar geronsa mai saurin nuna, Baba ya aika masa da wake.

Lokacin soja ne, ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba, ana ta shirin mayar da mulki ga farar hula. Da rani aka zo rajistar masu zaɓe. A Fadama, Baffa ya bi gida-gida ya fito da kowa, har tsofaffin da sai an riƙe su. A Tudu kuwa, Baba Mai Unguwa ya tara masu gida a gindin marke ya ce shi ya ga zamanin haraji da idonsa, kuma tun da yake bai taɓa ganin hukuma ta ƙirga mutum don ta ba shi wani abu ba. Ya ce kowane gida maigida kaɗai ya je, mata su zauna, samarin da ke ci-rani kada a ambace su. Tsofaffin mata suka ƙara da cewa ƙirga mutanen gida yana jawo baki. Ranar ina ɗaki ina jin ma'aikacin rajistar da ya biyo gida yana tambaya a zaure, Baba yana ce masa gidan nan daga shi sai tsohuwarsa. Mu goma sha wani abu ne a ciki, har da jaririyata da nake toshe wa baki da nono.

Bayan wasu watanni aka ce za a yi zama a Dutse a kan sabbin mazaɓun tarayya, kowane yanki ya turo wakili. Garuruwan biyu suka tura Baffa, don shi ya iya magana a gaban manya. Ya dawo da yamma, bai biya gida ba, ya zo zauren Baba. Ina bayan zana ina tankaɗe, na ji komai. An ja layi ta burtali. Fadama ta zauna a tsohuwar mazaɓa, an bar mata sunan Marke a gundumarta. Tudu an yanke ta an haɗa da mazaɓar gabas, ƙarƙashin sunan wani gari da ba abin da ya taɓa haɗa mu da shi sai faɗan dabbobi.

Baba ya dubi Baffa. Ya ce, "Ka tafi da sunan gari biyu a bakinka, ka dawo da ɗaya."

Baffa ya ce, "Haba Mai Unguwa, na yi magana har muryata ta dushe."

"Ka yi wa naku."

Baffa ya ɗauki rediyonsa ya fita, ko ruwan da na aika bai sha ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka wani ma'aikacin zaɓe ya zo a kan babur don ya nuna inda layin ya bi. Sunansa Malam Yohanna, Kirista ne mutumin Filato, yana zaune a Dutse, Hausarsa tana da ɗan karkata amma ladabinsa ya fi na 'ya'yan gari da yawa. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa gaban Baba. Ya ce, "Baba, ba wanda ya ƙi ku. Kowace mazaɓa mutum ɗaya za ta tura majalisa, to ana so masu zaɓe su zo kusan daidai. Taku ta yi yawa, ta gabas ta gaza. Kamar mai awo ne, mudu ɗaya ya yi tozo, ɗaya bai cika ba, sai a ɗebi ɗan hannu a nan a zuba a can. An nemi ƙaramin gari a bakin iyaka, aka ga ku ne."

Baba ya ce, "Mu ne ƙaramin? Tudu ta fi Fadama gidaje."

Malam Yohanna ya sunkuyar da kai ya ce, "A rajista ba haka ya nuna ba, Baba."

Duk wanda ke zauren ya san abin da ya faru, ba kuma wanda ya ɗaga ido. Malam Yohanna ya ƙara da cewa layin ba ya taɓa gona, ba ya hana aure ko jana'iza, ranar zaɓe kaɗai yake aiki. Ya yi ta bayani har zufa ta jiƙa masa riga. Amma wannan bai shiga kunnen Baba ba, shi dai sunan Marke da aka cire masa ne yake ci masa rai. Yau in ka je Tudu, 'yan takara sun fi yin sintiri a can fiye da Fadama, don a mazaɓar gabas ƙuri'ar Tudu ce kan raba gardama, kuma matan Tudu su ke fara yin layi ranar rajista. A lokacin ba wanda ya hango haka.

Bazara ta shigo da zafi mai tsanani. Aka yi sharar gona, aka ƙone kara, jakuna suka yi ta jigilar taki. Da rana ƙasa ba ta takuwa, kaji suna buɗe baki a gindin randa, mu kuma mu kwana da zufa mu tashi da ita. Baffa ya aiko da zangarniyar iri, dami guda, kamar yadda ya saba, yana ganin abin zai wuce. Baba ya sa aka mayar masa da ita, ya kuma miƙe a bainar jama'a ya ce, "Wallahi ƙafata ba za ta sake tsallaka burtalin nan ba, kuma ko ƙwaya ɗaya ta Fadama ba za ta shiga ƙasata ba." Surukata, Inna, wadda ita ma 'yar Fadama ce, tana jin haka ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shige ɗaki.

Ruwan farko ya zo da kyau. Har yanzu ina jin ƙamshin ƙasar nan a hancina. Maza suka wuce gaba da sungumi suna sara, mu mata da yara muna biye muna jefa iri muna rufewa da dunduniya. Gero ya tsiro kore shar, sai ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta zo ta watsa shi. Tsiron ya yi ja, ya kwanta, yashi ya rufe shi. Da aka sami wani ɗan yayyafi, aka kwashe sauran irin aka sake shukawa, shi ma ya bi ɗan'uwansa. A Fadama ƙasa ta riƙe musu shukar farko, daga bakin burtali kana hango korenta.

Rumbu ya yi ƙasa har sai an zura yaro ciki ya sharo. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe kunu ne tsararo wanda kana ganin fuskarka a ciki, da rana ɗan kwaɗon zogale ko tafasa in an samu, ƙuli-ƙulin ma sai an gutsura a raba. Dusar da muke ba awaki muka fara tankaɗewa muna haɗawa da gari. Nonona ya ragu, yarinyar ta yi ta tsotsa tana saki tana kuka. Amma yunwar ranar ba ita ta fi damun manya ba. Damuwar ita ce ko ruwa ya dawo, ba abin da za a zuba a ƙasa. Geron kasuwa na tuwo ne, gauraye, ba a san shekararsa ba, ba a kuma san ko zai nuna kafin damina ta ƙare ba. Wanda zai iya cim ma sauran lokacin shi ne mai saurin nuna, shi kuwa yana rataye a rumbunan Fadama.

Ko roƙon ruwa a shekarar a rabe aka yi shi. Da can a filin Idi ake haɗuwa, bana kowa ya fita bayan garinsa. Muna jin addu'arsu, suna jin tamu, har amin ɗinmu yana haɗuwa a sama. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni kunya. Mazan Tudu duk sun san inda irin yake, amma ba mai iya tsallakawa ya roƙa bayan mai unguwa ya rantse.

Wata safiya muna daka ni da Inna, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ke yaushe rabonki da ganin gida?"

Na ce, "Tun kafin rigimar nan, Inna."

Ta ce, "To ba a hana mace ganin gida. Kuma abin da 'ya ta riƙo daga gidan ubanta tsaraba ce, ba roƙo ba ne. Ba a mayar da tsaraba." Ta buga taɓarya ta ƙara da cewa, "Ki biya ki tambayi su Ladi 'yan garinmu, su ma na ga sun daɗe."

Kafin azahar magana ta zaga gari ta bakin rijiya. Washegari da hantsi sai ga matan Tudu 'yan asalin Fadama a jere, kowacce da goyo, da ƙwarya a ka an rufe da faifai, ba komai a cikinta. Mazan da ke zaune a gindin marke suka bi mu da kallo. Wani ya ce, "Yau kuma biki ake a Fadama?" Ladi, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta ce, "Kewar iyaye ce ta taso mana gaba ɗaya." Muka wuce abinmu.

Na tarar da Baffa a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Ya rame shi ma. Ya karɓi jikarsa ya yi mata wasa, ya dubi ƙwaryata, bai tambayi komai ba. Ya hau rumbu da kansa ya sauko da zangarniyar nan da aka mayar masa, tana nan a ɗaure yadda ta dawo. Ya sa aka sussuka, aka sheƙe, ya cika min ƙwarya har da tozo. Ya ce, "Ni ban aika wa kowa da komai ba. Tsarabar 'yata ce." Na kai bakin ƙofa sai ya kira ni, ya ce, "Yaya gwiwar tasa?" Na ce tana nan. Ya gyaɗa kai ya koma kan fartanyarsa, ni kuma na fito hawaye na zuba.

A sauran gidajen Tudu an karɓi tsaraba hannu bibbiyu. Washegari ma wasu suka fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. A gidanmu kuwa abin ya tsaya. Baba yana bakin zaure lokacin da na dawo. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi ƙwaryar, ya ce, "Sannu da hanya," shi ke nan. Na ajiye ta a ƙarƙashin rumbu. Na ce wa maigidana ko zai yi masa magana. Ya ce, "Gandu nasa ne, kuma ya rantse da Allah. In bai ce a shuka ba, ba mai shukawa." Na ce to me za mu ci baɗi? Sai ya tashi ya fita.

Da safe na aika wa Baba kunu, ya dawo ba a taɓa ba. Da rana na aika ɗan kwaɗo, shi ma ya dawo. Sai bayan magariba ya shiga ɗakin Inna ya ci abin da ta ajiye masa. Washegari ma haka. Na tabbata abincin hannuna ne ya daina ci, saboda na tsallaka na ɗauko abin da ya haramta wa ƙasarsa. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji zafinsa a raina, tsoho zai kashe gida da yunwa saboda suna a takarda. Na kai wa Inna kuka, ta ce, "Bar shi." Ina kallonsa yana tafiya masallaci yana dafa bango, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Maƙwabta suna ta binne, ƙwaryata tana ƙarƙashin rumbu, kullum sai na je na kore mata kaji.

Rana ta uku da la'asar hadari ya taso, wannan karon bai watse ba. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, awaki suka ruga cikin gida, muka kwashe shanya a guje. Ruwa ya kece gab da magariba, irin mai manyan ɗigo, tsakar gida ta cika nan da nan. Kowa yana murna ban da ni, don na san wannan ne ruwan shuka na ƙarshe da za a iya dogara da shi. Ladan ya kira salla, da ƙyar ake jin muryarsa. Sai na ga Baba ya fito bakin zaure ta ciki, ya tara hannu biyu a bakin indararo, ya yi bismilla ya sha. Ya sake tarawa ya sha. Sannan ya kira maigidana, ya ɗaga murya yadda har mu za mu ji.

Ya ce, "Kaffarata ta cika. Na tambayi liman, ya ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi kaffara ya bi alherin. Ba ni da abin ciyar da miskinai goma a wannan marra, shi ya sa na biya da cikina. A gyara sungumi."

Na zauna daɓas a bakin murhu. Inna ta dube ni ta ce, "To, sai ki tashi ki dama masa kunun, yau zai sha."

Da gari ya waye duk gidan muka fita. Yashi ya yi laushi, ƙafa tana nutsewa, ko'ina ƙamshi. Baba ya karɓi sungumi da kansa duk da gwiwar, ya ce, "'Yar Fadama ta biyo bayana, ita ta kawo." Tunda aka kawo ni gidan bai taɓa sa ni gaba a wani aiki ba. Yana sara, ina jefa ƙwaya ina rufewa, yarinyar tana barci a bayana. Ba ya sauri, amma layinsa miƙe yake kamar an ja igiya. Geron da muka zuba a ranar shi ya riƙe gidan har wata kakar, sai dai ba girbin ne ya fi zauna min a rai ba.

Gonar gandu a bakin burtali ta ƙare. Da muka kai ƙarshen layi, maimakon ya juyo, sai Baba ya jingine sungumi ya ci gaba da tafiya. Ya gangara burtalin yana ɗingishi, taɓo yana kama masa takalmi, ya haura ɗaya gefen. Duk muka tsaya cak. A can Baffa yana duƙe yana noman firi, rediyonsa a rataye a reshen ƙaya. Ya ɗago ya ga mai zuwa, ya dafa ƙugu.

Ya ce, "A'a, mutumin gabas. An ba ka izinin shigowa mazaɓarmu?"

Baba ya ce, "Na zo duba gonar da ake ta yabo ne. Ashe ciyawa ce."

"To ga fartanya."

Baba ya miƙa hannu kamar zai karɓa, sai ya kama hannun Baffa ya riƙe. Tsofaffi biyu suna tsaye cikin laka, hannu a hannu, sun ƙi sakin juna.

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Idanunta sun cika, amma muryarta tana nan yadda take. Ta ce, "Ke, kallo kika zo yi? Rufe ramin nan kafin kurciya ta riga mu."

Na sa dunduniya na rufe.